Tun Ran Gini Ran Zane: Maganar Feshin Lemo

Cikin itatuwan da a ke dasawa a lambu, da wuya a sami mai cika alkawari kamar lemo. Gero da dawa abincin shekara guda ne, in an girbe sai a sake shuka. Lemo kuwa, in an dasa mai aure, ya kama ƙasa, ya yi shekara uku zuwa biyar, sai ya shiga biyan ubangijinsa ko wace shekara, har wanda ya dasa ya tsufa ya bar wa 'ya'yansa. Saboda haka ne mutanen Jihar Binuwai suka riƙe shi hannu biyu, har suka yi suna wajen nomansa a Nijeriya duka. Haka kuma a ƙasar Gaya ta Jamhuriyar Nijar, da fadamun Zazzau da na Kano, akwai magidanta da yawa waɗanda kuɗin makarantar yaransu, da tufafin salla, da kayan ɗakin 'yan matansu duk a reshen lemo su ke rataye.

To, amma dukiyar da ke tsaye a fili dare da rana ba ta rasa maƙiya. Akwai akuya, akwai ɓarawo, akwai yara masu jifa. Waɗannan duk ido na ganinsu, shinge da gadi sun ishe su. Maƙiyin da ya fi su ɓarna shi ne wanda ba a ganin shigowarsa, watau cutar funfuna. Abin da ya wajaba mai lambu ya sani game da yaƙi da ita magana ɗaya ce, sauran duk rassanta ne. Maganin feshi garkuwa ne, garkuwa kuwa tun ba a saki kibiya ba a ke ɗaga ta.

Kowa ya san funfunar da kan fito bisa tuwon da ya kwana biyu a rufe. Halitta ce mai rai, tana kuwa da iri kamar yadda gero ke da iri, sai dai irinta ya fi ƙura ƙanƙanta. Iska na ɗaukarsa, ruwan sama na fantsama shi daga reshe zuwa reshe. In ƙwayar irin nan ta sauka bisa busasshen ganye, ba ta iya kome. Amma in ganyen ya jiƙe da ruwa ko raɓa, ya yi awa da yawa bai bushe ba, sai ta tsira, ta shige cikin naman ganyen, ta shiga ci a ɓoye. Daga ranar da ta shiga zuwa ranar da tabo zai bayyana a kan yi kwanaki, wani lokaci makonni. Watau ran da mai lambu ya ga tabo, ɓarawo ya daɗe da shiga ɗaki.

Cututtukan lemo na wannan dangi suna da yawa, amma huɗu sun fi damun manoma. Ta fari ita ce mai sa tabo a ganye da 'ya'ya. Tabon ganye kewayayye ne, tsakiyarsa ruwan toka ko ƙasa-ƙasa, gefensa da rawaya kamar an yi masa zobe. 'Ya'yan da ta kama suna ƙanana sukan taurare, su tsage, su zube tun ba su nuna ba. A ƙasashen Angola da Mozambik aka fara ba da labarinta a shekarar 1952, daga nan ta yi ta yaɗuwa har ta game ƙasashen Afirka da yawa, da Kamaru da Nijeriya da Gana a ciki. Ta fi son wurare masu laima, inda ta sami sake kuwa takan cinye rabin amfanin gona, ko ma dukansa. Ta biyu ita ce mai sa ɓawon lemo ya yi ƙuraje kamar mai ƙazwa, ganye kuma ya murɗe. Ta uku takan yayyafa wa 'ya'ya baƙaƙen ɗigogi masu kaushi, mazauninta kuwa busassun rassan da aka bari a jikin itace. Ta huɗu a ƙasa ta ke zaune. Ita ce ke kama gindi, ɓawo ya tsage yana zubar da ƙaro, har ta zagaye itacen ta kashe shi. In an yi ruwa mai ƙarfi takan fantsamo daga ƙasa ta ruɓar da 'ya'yan da ke rassan ƙasa.

Sai dai ba ko wane ciwon lemo ne na funfuna da maganinta zai yi wa amfani ba. Akwai baƙin nan mai kama da kunkunniya da kan lulluɓe ganye. Ɗan yatsa na goge shi, gama bisa zaƙin da darɓa da 'yan'uwanta ke zubarwa ya ke tsirowa. In an kashe ƙwarin, shi ma sai ya gushe. Akwai kuma cututtukan da ƙwari ke ɗurawa cikin jijiyar itace, ganye ya yi rawaya, itace ya yi ta ramewa. Waɗannan ko an juye musu maganin funfuna tulu guda, asara ce kawai. Don haka farkon aiki shi ne a san sunan ciwo. Wanda ya yi shakka ya tsinki ganye da 'ya'yan da suka kamu, ya kai wa malamin gona. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan a shekarar 1975, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Tambaya ba ta ɓad da mutum.

Asalin maganin feshi ma kansa ya nuna irin aikinsa. A shekarar 1878 wata cutar funfuna daga Amurka ta ɓulla a gonakin inabi na ƙasar Faransa, ta shiga kaɗe ganye, manoma suka rasa yadda za su yi. A shekarar 1882 wani shaihin malami mai ilmin tsire-tsire a jami'ar birnin Bordo, sunansa Milarde, yana zagaya gonaki, sai ya lura itatuwan da ke bakin hanya suna da ganyensu kore shar, na cikin gona kuwa sun tsiraita. Da ya bincika aka gaya masa masu gonar ne ke yayyafa wa na bakin hanya wani shuɗin gishiri da a ke samu daga jan ƙarfe, haɗe da farar ƙasa, don masu wucewa su ga kamar dafi su bar tsinka. Abin da aka yi don korar ɓarayi masu ƙafa biyu, ashe ya tare ɓarawon da ba a gani. Malamin nan ya yi ta gwaji, a shekarar 1885 ya bayyana wa duniya yadda a ke haɗa shi. Har yau a na kiransa haɗin Bordo, har yau kuma magungunan jan ƙarfe su ne ginshiƙin feshin lemo.

Abin lura a labarin nan shi ne, itatuwan da suka tsira an shafe su tun cuta ba ta zo ba. Jan ƙarfe ba ya shiga cikin ganye. A bisa fata ya ke kwanciya, in ƙwayar cuta ta sauka ta fara tsira cikin laima, sai ya kashe ta a nan. Wadda ta riga ta shige ciki ta fi ƙarfinsa.

A wani gari na kudancin ƙasar Zazzau an yi waɗansu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, waɗanda suka gāji lambun lemo, suka raba shi biyu, shinge kaɗai ke tsakaninsu. Da ruwan fari ya sauka, itatuwa suka yi toho suka yi fure, sai ƙanen ya goya famfo ya shiga feshi. Wan ya leƙo ta shinge ya ce, "Kai, me ka ke yi haka? Wa ya taɓa ba mai lafiya magani? Dubi ganyen nan, ko tabo ɗaya babu."

Ƙanen ya ce, "Yaya, ai don babu tabon na ke yi. In ya fito, aiki ya wuce."

Wan ya yi dariya ya ce, "Kuɗi ne suka yi maka yawa. Ni sai na ga abin da zan kashe."

Da damina ta yi tsakiya, wan ya ga abin da zai kashe. 'Ya'ya suka yi tabo, suka shiga zuba. Ya ranto kuɗi a kan in an yi kaka ya biya, ya sayo magani, ya ninka awo biyu don ya rama lokacin da ya wuce, ya fesa da tsakar rana. Tabon da ya fito bai koma ba, waɗanda suka tsira daga cuta kuma zafin magani ya ƙona musu ɓawo. Da kaka ta yi, 'yan sari suka zo da mota, suka kwashe na ƙanen a kan kuɗi mai kyau, na wan suka taya shi tayin wulakanci. Bashi ya tsaya, aka ɗaga bikin 'yarsa zuwa baɗi. Da mutane suka zo jaje, sai ya riƙa cewa maganin zamani ba shi da albarka. Alhali kuwa a shago ɗaya suka saya, gwangwani iri ɗaya. Bambancinsu rana ce kaɗai. Shi ya yi ihu bayan hari.

To, yaushe ne lokacin? Itacen lemo da kansa ke faɗa, ga wanda ya saba dubansa. Tsohon ganye fatarsa ta yi ƙwari, cuta ba ta cika samun hanya ba. Sabon toho da ƙananan 'ya'ya su ne masu taushi, su ne kuwa abin tsaro. Feshi na fari sa'ad da sabon toho ya fara buɗewa a farkon damina. Na biyu sa'ad da yawancin fure ya kaɗe, 'ya'ya suka bayyana kamar ƙwayar wake. Daga nan sai a riƙa maimaitawa bayan ko wane mako biyu ko uku, gwargwadon yawan ruwan sama da abin da takardar magani ta ce, har 'ya'ya su yi kamar wata uku su yi ƙwari. Inda cutar tabo ta yi ƙarfi a kan ci gaba fiye da haka.

Dalilin maimaitawa biyu ne. Na ɗaya, ruwan sama na wanke magani sannu a hankali. Na biyu, ɗan lemo girma ya ke yi, magani kuwa ba ya girma. In faɗin ɗan lemo ya ninka biyu, fatarsa ta ninka huɗu. Watau rigar da aka ɗinka wa jariri ce, mako uku ta tsage ta ko'ina, ga kafofi a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kafin a taɓa famfo akwai aikin almakashi da adda. Itacen da ya cunkushe, iska ba ta ratsa shi, ganyensa ba ya bushewa da wuri, magani kuma ba ya kai wa cikinsa. Da rani sai a sare busassun rassa a ƙone, a rage na ciki masu gicciye, a ɗage na ƙasa don kada su taɓa turɓaya. 'Ya'yan da suka zube masu ciwo a tsince a binne su cikin rami mai zurfi, gama su ne rumbun irin cuta na baɗi. Wanda ya bar shara a gindin itace ya zo yana feshi, kamar mai kwarfar ruwa ne daga jirgi mai huji.

Sa'an nan sai awo. Ko wane magani da nasa awon, yana kuwa rubuce a jikin gwangwani ko leda. A nan ne wanda ya iya karatu ya fi wanda bai iya ba, gama shi ba sai ya dogara da bakin mai shago ba. Ya duba sunan maganin, da cutar da ya ke yi wa aiki, da nawa a ke zubawa cikin lita nawa, da ranar da zai lalace, da lambar hukumar NAFDAC mai rajistar magunguna. Garin da aka ƙulla a farar leda ba suna ba takarda, kome araharsa a bar shi, araha ba ta ado. In awo ya gaza, cuta ta ƙi mutuwa. In ya zarce, ganye da ɓawo su ƙone, jan ƙarfe kuma ya taru cikin ƙasa shekara da shekaru har ya dami saiwa.

Wanda ke so ya haɗa na Bordo da hannunsa, awon da aka saba shi ne kilo 1 na shuɗin gishirin, da kilo 1 na farar ƙasa irin ta toyayyen dutse, cikin ruwa lita 100. A narkar da ko wanne dabam cikin rabin ruwan, a tukunyar ƙasa ko robar ruwa, ban da bokitin ƙarfe, gama gishirin na cin ƙarfe. Sa'an nan a riƙa tsiyaya shuɗin ruwan cikin farin a na motsawa. A tsoma wuƙa mai haske a ciki na ɗan lokaci. In ta fito da ja-ja a jikinta, farar ƙasa ta yi kaɗan, sai a ƙara, in ba haka ba zai ƙona ganye. Haɗin nan ba ya kwana, ran da aka yi ran nan a ke fesawa.

Ruwan haɗi ya zama mai tsabta, a tace shi da ƙyalle, don laka na toshe bakin famfo. Famfon da aka yi feshin ciyawa da shi kada ya kusanci lemo, ragowar maganin ciyawa kome ƙanƙantarsa na iya murɗe toho. Don a san yawan abin da za a haɗa, sai a cika famfo da ruwa zalla, a fesa itace goma yadda ya kamata, a ga lita nawa suka tafi. Daga nan lissafin lambu duka ya fito, ba a rage ba a zubar.

Wajen fesawa, abin nema shi ne ko wane ganye da ko wane ɗa ya sami rabonsa. A daidaita bakin famfo ya riƙa fitar da ruwa kamar hazo. A zagaya itace ta ko wace fuska, a sa sanda cikin duhuwarsa, a juya ta sama don ƙarƙashin ganye ya samu, gama nan ne laima ta fi daɗewa, nan ne kuma ƙananan kafofin numfashin ganye suka fi yawa. In ganye ya jiƙe ya fara shirin ɗiga, ya isa. Abin da ya zuba ƙasa kuɗi ne aka zubar. A yi aiki da safe bayan raɓa ta ɗauke, ko da la'asar sakaliya, sa'ad da iska ta kwanta. Zafin tsakar rana na sa jan ƙarfe ya ƙona ɓawo. In hadari ya haɗo a dakata, gama magani na bukatar 'yan awoyi ya bushe ya kama.

Ciwon gindi mai zubar da ƙaro shi kuwa, rabin maganinsa tun ran dashe ne. A dasa itace yadda gaɓar aurensa za ta kasance sama da ƙasa da taƙi ɗaya ko fiye. Kada a tara ƙasa ko taki a jikin gindi, kada a bar ruwan ban ruwa ya kwanta yana taɓa shi, a kuma kiyaye bakin fartanya wajen noma. In ya riga ya kama, a kankare ɓawon da ya ruɓe har a kai ga mai lafiya, a shafe wurin da haɗin Bordo mai kauri, watau kilo 1 da kilo 1 cikin ruwa lita 10. Itacen da ciwo ya zagaye fiye da rabin gindinsa da wuya ya komo, gwamma a tumɓuke shi.

Bayan jan ƙarfe akwai waɗansu magunguna na baya-bayan nan. Mankozeb shi ma bisa fata ya ke tsaro. Akwai kuma masu shiga cikin jikin itace, kamar metalaksil da a ke yi wa ciwon gindi aiki da shi. Masu shiga ciki suna da ƙarfi, amma suna da aibi guda. In an nace wa iri ɗaya feshi bayan feshi, ƙwayoyin cutar da suka jure su ne za su hayayyafa, har maganin ya zama kamar ruwa. Don haka a ke karɓa-karɓa tsakaninsu da masu tsaron fata.

Abin da ke kashe funfuna ba abokin jikin mutum ba ne. Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu, da dogon wando, da takalmin roba, da safar hannu, ya rufe hanci da baki, ya ba iska baya. Ba cin goro, ba shan taba, sai an gama an yi wanka da sabulu. In bakin famfo ya toshe, kada a busa shi da baki. Kada a wanke famfo a rafi ko kusa da rijiya, jan ƙarfe na kashe kifi. Gwangwanin da ya ƙare a ɗauraye shi sau uku a juye cikin famfo, a huda shi don kada wani ya mai da shi na mai ko na ruwan sha. Magani ya zauna a kulle nesa da yara da hatsi. A kuma ƙirga kwanakin da takarda ta ce a jira tsakanin feshi da tsinka. Lemon nan wani zai saya ya kai wa majinyaci a asibiti, ko ya ba yaronsa. Amana ce.

Abu na ƙarshe da ya kamata ya kasance cikin kayan aikin mai lambu shi ne ɗan littafi da alkalami. Ya rubuta ranar da ruwan fari ya sauka, da ranar da toho ya fito, da ranar da fure ya kaɗe, da ranar ko wane feshi, da sunan magani da awonsa, da kwando nawa aka tsinka. Shekara uku in ya yi yana haka, littafin nan zai gaya masa halin lambunsa fiye da yadda wani baƙo zai iya. Zai san watan da ya kamata ya tanadi kuɗin magani, ya gyara famfo, ya sayi abin da ya lalace, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Wahalar wannan aiki ita ce, ladansa ba ya nuna kansa nan take. Wanda ya yi feshi a kan kari ba ya ganin gawar abin da ya kashe, abin da zai gani kawai itace ne mai lafiya, har zuciya ta raya masa ko da ma bai yi ba haka zai kasance. Sai ran da aka jera kwanduna gaban mai saye sa'an nan a ke sanin wanda ya yi aiki da bazara. Allah ya ba manoma damina mai albarka, ya kuma kiyaye musu abin da suka dasa, amin.